Kafin Giwa Ta Zama Tatsuniya

A bangon ƙarshe na littafin lissafi muka rubuta shi, muna aji biyu na babbar sakandare, wata rana da malami bai shigo ba. Mu huɗu ne a benci ɗaya. Kowa ya faɗi abin da yake so ya yi a daji ko a ruwa kafin tsufa ya cim masa, wanda ya fi mu kyan rubutu yana rubutawa. Mu ga zaki da idonmu, ba a gidan zu ba. Mu faɗa kogin Matan Fada da homa ranar bikin Argungu. Mu kwana a daji mu gasa zabon da muka harbo da kanmu. Mu hau dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, duk da cewa babu wanda ya san sunansa a cikinmu. Sai na ƙarshe, mu tsallake Tafkin Chadi a kwale-kwale.

Littafin yana nan har yau, ya yi ja, gara ta ɗan taɓa gefensa. Biyu kawai muka cika, su ma rabi da rabi. Da farko mun ɗora laifin a kan rashin kuɗi da hidimar rayuwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai daga baya muka gane kuskuren da muka yi tun ranar da muka rubuta jerin: mun ɗauka daji da ruwa za su zauna su jira mu har mu girma, mu yi kuɗi, mu sayi mota. Ba su jira ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da ku, ƙannenmu, tun kuna da shekarun da muke da su a wancan benci, mu duba yadda ake rubuta irin wannan jeri.

Argungu: ba a fara ta daga ranar biki

Duk wanda ya taɓa ganin hoton bikin kamun kifi na Argungu ya san abin da ya ja mu. Dubban maza sun jeru a bakin kogi, kowa da gora da homa. Ana ba da alama sai su kwasa a guje, ƙura ta tashi, su afka ruwa gaba ɗaya, makaɗa na bin su a cikin kwale-kwale. Cikin ɗan lokaci sai ka ga an fara ciccibo giwan ruwa, wani ya kai girman yaro, ana kai shi kan sikeli.

Bikin, a yadda aka san shi yanzu, ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da ya zama alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ana yin sa wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris. Ban da babban su, akwai wasannin ruwa da ake kira kabanci, irin su tseren kwale-kwale da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Kifin da ya zo na ɗaya a bikin 2020 ya kai kilo 78. Ku kwatanta da buhun siminti, wanda kilo 50 ne.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne abin da ke sa kifi ya kai wannan girma. A sauran watannin shekara ba a barin kowa ya yi su a wannan yanki na kogin. Akwai masu sarautar ruwa da ke tsare shi, kuma sai sun ba da izini ake shiga. Wato su na rana ɗaya, haƙurin shekara guda ne. Haka kuma mutanen da kuke gani suna kokawa da giwan ruwa ba ranar suka fara ba. Akasarinsu 'ya'yan masunta ne da suka iya iyo kusan lokacin da suka iya tafiya. Sun san yadda ake kwanciya a kan gora, sun san inda kifi ke laɓewa, sun san ƙayar kurungu da girgizar minjirya.

Mu kuwa da muka rubuta Matan Fada a littafinmu, mutum ɗaya ne a cikinmu ya iya iyo. Kuma da muka girma muka tara kuɗin mota, sai muka tarar an daina bikin. Kusan shekara goma aka yi ba a yi shi ba, musamman saboda matsalar tsaro, sai a 2020 ya dawo. Mun je, mun tsaya a bakin ruwa cikin 'yan kallo, mun sha ƙura, mun ci soyayyen kifi. Homa dai ba mu taɓa ta ba, kuma gara da ba mu taɓa ba.

Saboda haka idan akwai ruwa a jerinku, abin da ya kamata ya hau layin farko shi ne koyon iyo, a hannun babban da ya iya, a wurin da ba shi da zurfi, da sanin iyaye. Ba kududdufin bayan gari da rana tsaka a ɓoye ba. Kowace damina sai an rasa yara a irin waɗannan ramuka da aka haƙi ƙasar gini, domin bakinsu ba zurfi, taku biyu gaba kuma sai a rufta. Kuma iya iyo kaɗai ba ya isa idan ana maganar jirgi. A ƙarshen Nuwamban 2021 wani jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya su ne ke maimaituwa a irin waɗannan haɗurra. Idan kun ga jirgi ya cika har ruwa na neman taɓa bakinsa, ku jira na gaba, ko da abokai za su yi muku dariya.

Akwai kuma wani abu da samari ke ɓoyewa. Wanda ya saba wanka a ruwan da ba ya gudu, ya fara ganin jini a fitsarinsa, wannan tsargiya ce. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa. Wata ƙaramar tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata, kuma tana da magani a asibiti.

Zakin da ba mu gani ba

Yankari muka fara zuwa cikin abubuwan da ke jerinmu. Dajin yana Jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Lokacin rani ya fi kyan zuwa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, saboda ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suna taruwa a bakin kogin Gaji neman ruwa.

Mun shiga motar zagaya daji da sassafe, sanyi na ratsa riga. Mun ga gwambaza, mun ga mazo ya tsallake hanya, mun ga mugun dawa da jelarsa a tsaye kamar eriyar rediyo. Gwaggon biri kuwa ba sai an neme shi ba, shi zai neme ku. A sansanin baƙi suna yawo kamar masu gida, kuma duk wanda ya riƙe leda sakaka ya yi sallama da burodinsa. Da rana muka sauka matakala zuwa ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ko don wannan ruwa kaɗai tafiyar ta biya kuɗinta.

Giwa sai a rana ta biyu, can nesa tsakanin itatuwa, tana karya reshe. Ba mu ɗauki minti uku muna kallonta ba, amma babu wanda ya yi magana a motar. Garken giwayen Yankari na cikin mafiya girma da suka rage a ƙasar nan. Zaki kuwa ko sawunsa ba mu gani ba. Masana sun ce zakunan da suka rage a Najeriya duka ba su kai 50 ba, kuma a wuri biyu kawai, Yankari da dajin Kainji. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Dabbar da sunanta ke cikin kirarin sarakuna da tatsuniyoyin kakanni, yawan da ya rage mata a ƙasar nan bai kai yawan ɗaliban ajinku ba.

Abin da ya kawo haka ba ɓoyayye ba ne. Gonaki sun matso, an sare itatuwa an yi gawayi, an harbe namun da zaki ke ci, wani lokaci kuma a sa guba a mushe don ramuwar saniyar da aka kashe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wani baƙo ya zo daga nesa ya yi mana.

To, farauta fa?

Ba za mu ce muku farauta abin kunya ba ce. Sana'a ce mai tarihi, mai sarauta, mai kiɗa da kirari. Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa, idan kun bi labarin kafuwarsu, maharbi za ku tarar ya fara sauka a gindin wata bishiya. Har yanzu akwai Sarkin Baka a masarautu da dama. Kuma ba ta maza kaɗai ba ce: Aisha Bakari Gombi ta Jihar Adamawa ta fara bin manya daji tun tana yarinya, daga baya sunanta ya zagaya duniya saboda jagorantar maharba wajen tunkarar 'yan Boko Haram.

Sai dai ku bambance maharbi da mai kashe nama. Tsofaffin maharban da muka tashi muka gani suna da ƙa'ida. Ba sa harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa. Suna ɗaga wa daji ƙafa da damina, lokacin haihuwa da ƙyanƙyasa. Sukan bi sawu wuni guda su dawo hannu rabbana ba tare da sun ji kunya ba. Abin da ake yi yanzu a wurare da yawa daban ne. Samari su cika mota da karnuka da gora da barandami, a cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, wutar ta ci ƙwan zabi da 'ya'yan itatuwa, wani lokaci har da amfanin gonar wani. Sau da yawa kuma a ƙare da faɗa tsakanin unguwa da unguwa a kan zomo. Wanda ya dawo da sara a ka saboda zomo bai cika wani buri ba.

Ku sani kuma doka ta hana farauta a cikin gandun dajin gwamnati, kuma tun 1985 Najeriya ke da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka ƙara wa tsanani a 2016. Wanda aka kama da hauren giwa ba kirari za a yi masa ba.

A ganinmu, abin da ya fi daraja a wurin maharbi ba bindigarsa ba ce, iliminsa ne. Ya kalli ƙasa ya ce gada ta wuce nan da asuba, tana ɗingishi. Ya ji kukan tsuntsu ya san akwai maciji kusa. Ya san itacen da ake samun ruwa a gindinsa da wanda 'ya'yansa ke kisa. Wannan ilimi ba ya cikin littafin makaranta, kuma masu shi suna tsufa. Idan akwai irin wannan dattijo a garinku, ku sa sunansa a jerinku sama da Yankari. Yankari na da masu gadi, shi kuwa ba shi da su. Ku je da littafi da biro, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku tambaye shi sunayen dabbobin da ya sani a dajin garinku lokacin ƙuruciyarsa. Sannan ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda har yanzu ake gani. Mun gwada haka, kuma layukan da muka ja ba su da yawa.

In kuwa za ku bi shi daji, ku sa takalmi mai rufi, kada ku zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Kububuwa ƙarama ce, kalarta kalar ƙasa, amma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankinmu. Idan tsautsayi ya faru, ba tsaga ba tsotsa ba ɗaure wuri tamau, a garzaya asibiti. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji.

Labarin da ya ba mu ƙarfin gwiwa

Kada ku ɗauka komai lalacewa yake yi. A Jamhuriyar Nijar, wajen kilomita 60 daga Yamai, akwai yankin Kure, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suke. A da irinsu sun bazu daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi, har da arewacin Najeriya. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Gwamnati ta tsaurara hana harbinsu, ƙungiyoyi suka haɗa kai da mutanen ƙauyukan, 'yan yankin suka zama masu yi wa baƙi jagora suna samun na cefane. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. Abin sha'awa, ba a cikin shinge suke ba. Suna yawo a tsakanin gonakin gero, suna cin ganyen itatuwa, wani lokaci su taɓa waken manomi, a yi ta ƙorafi. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai su gandun Gadabeji da ke Jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa.

Ga ɗaliban da ke karanta mu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, wannan naku ne. Ga na Najeriya kuwa, raƙuman dawan da ke gandun Sumu a Bauchi daga Namibiya aka kawo su a 2006, domin namu na asali sun ƙare.

Sai dai a nan ma dole mu faɗi ɗaya gefen. A watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, waɗanda suka je kallon raƙuman. Haka dazuka da dama na arewa maso yammacin Najeriya suka zama wuraren da ko maharba ba sa shiga yadda suka saba. Tafkin Chadin da muka yi burin tsallakewa, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, sannan rikici ya rufe hanyoyinsa. Babu wata tafiya a jerinku da za a yi ba tare da izinin iyaye da tambayar halin da hanya ke ciki a wannan makon ba. Wanda ya fasa tafiya saboda hanya ba kyau, ba matsoraci ba ne.

Abin da ke kusa da gida

Dutsen da muka kasa sanin sunansa, Chappal Waddi ne, mita 2,419, a kan iyakar Najeriya da Kamaru, cikin gandun Gashaka Gumti na Jihohin Taraba da Adamawa. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa tare da jagora. Har yanzu ba mu je ba, amma ba mu soke shi ba, domin shi dutse yana iya jira. Kafin nan, ɗan Kano ya hau Dala da Gwauron Dutse, ɗan Zariya ya hau Kufena, ya ji yadda numfashi ke yi.

Tsuntsaye ma suna zuwa har inda muke. A dausayin Haɗeja zuwa Nguru, musamman tafkin Dagona a Jihar Yobe, dubban tsuntsayen ruwa ne ke sauka lokacin hunturu, waɗansu tun daga Turai, sun tsallake teku da Sahara. Wannan dausayi shi ma ya ragu tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma na kuka da ita. Wanda bai iya zuwa Dagona ba, yana da shamuwa. Kowa ya san zuwanta na nufin damina ta kusa, amma mutum nawa ne a ajinku suka taɓa rubuta ranar da suka fara ganinta, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, su ga ko tana sauya lokaci? Wannan aiki ne da ɗaliba za ta iya yi daga tsakar gida, kuma irinsa masu nazarin tsuntsaye ke yi a duk duniya.

Haka su. Ba sai an je Argungu ko bikin Nwonyo na Ibi a Taraba ba. Fatsa da tana da babban da zai raka ku bakin dam sun isa ku koyi bambancin ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, ku koyi zama shiru na awa biyu, abin da wayar hannu ta sa ya yi wuya. Ƙaramin kifi a mayar da shi ruwa. Masu zuba guba ko maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, da masu su da gidan sauro, su ne ke kwashe na baɗi tun bana.

Kwanan baya mu ukun da muke gari ɗaya muka sake zama da tsohon littafin, muka kira na huɗun a waya. Mun yi gardama kamar muna aji biyu. Zabon da za mu harba mun soke shi, muka bar kwanan dajin, wanda mun taɓa yi sau ɗaya da taliyar leda maimakon nama. Tafkin Chadi mun sa masa alamar tambaya. Biyu daga cikinmu, da furfura a gemu, sun yi alkawarin koyon iyo kafin bikin Argungu na gaba. Zaki kuwa mun mayar da shi layin farko, muka rubuta watan Maris a gefensa, muka fara tara kuɗin motar Bauchi.